Tantance fom a burauza kafin aikawa

Tantance fom a burauza dabara ce da shafin intanet ke duba abin da mutum ya cike tun bayanan ba su bar wayarsa ba. Misali, idan lambar NIN, wadda JAMB ta wajabta tun 2021, ba ta cika lambobi 11 ba, nan take gurbin zai yi ja. Sai komai ya daidaita sannan JavaScript ya tura bayanan a bayan fage, shafin bai motsa ba. Jesse James Garrett ne ya raɗa wa wannan salon turawa suna Ajax a 2005.

A garin kan iyaka irin Zango ta masarautar Daura, inda sabis kan ɗauke, wannan tantancewa babban sauƙi ce ga ɗalibi mai lallaɓa ɗan datarsa. Amma dole kwamfutar da ke karɓar bayanan ta sake dubawa, domin ana iya kewaye binciken burauza.