Yadda Aka Fara Wankin Ƙoda

Jama'a, kun san aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fid da dauɗa ta hanyar fitsari. To, wani lokaci sai ta tsaya farat ɗaya, ko don zubar jini mai yawa wajen haihuwa, ko gudawa da amai, ko saran maciji. Fitsari ya ɗauke, dauɗar ta taru cikin jini, mutum ya dinga amai da shaƙuwa, har ya fita hayyacinsa. A dā in abin ya kai nan, sai dai a sa wa sarautar Allah ido.

Cikin 1941, da Jamus ke ruwan bama-bamai a London, likita Bywaters ya lura waɗanda gini ya danne sukan mutu bayan 'yan kwanaki don ƙodarsu ta tsaya. Amma fa irin wannan ƙoda takan farfaɗo in mai ita ya jure mako biyu ko uku. Abin nema shi ne abin da zai riƙe mata aiki.

A ƙasar Holan, cikin 1943, likita Kolff na garin Kampen ya naɗa siririn bututu, irin wanda Turawa ke ɗura nama ciki, jikin wata ganga mai juyawa cikin ruwan gishiri. Jini na bi ta bututun, dauɗa na tsatsowa cikin ruwan. Waɗanda ya fara gwadawa ba su yi rai ba, sai cikin 1945 wata tsohuwa mai shekara 67 ta farka daga suma, ta warke.

Sai gardama ta tashi: yaushe za a fara wankin? Likita Teschan, wanda ya yi wa sojan Amurka wanki a yaƙin Koriya, ya ba da shawara cikin 1960 a fara da wuri, tun cuta ba ta yi ƙarfi ba. Amma babban gwajin da aka yi a Faransa cikin 2016, da na ƙasashe da yawa cikin 2020, sun nuna gaggawa ba ta rage mutuwa ba, wasu ma sun warke ba wanki.

Saboda haka likita yakan zuba ido. In ruwa ya cika huhu, ko gishirin fotasiyam ya hau har zai tsai da zuciya, ko hankali ya gushe, to, ba sauran jira.

Jiran nan fa na likita ne, ba naku ba. Wanda fitsarinsa ya ɗauke yini guda, ku kai shi asibiti ran nan.