Wusasa: Bangaskiyar da Ta Shiga Gona da Aji da Ɗakin Magani

Yamma da birnin Zariya, a gindin duwatsun da ke maƙwabtaka da Kufena, akwai wani gari da bai taka kara ya karya ba wajen girma, amma duk wanda ya zauna lissafin 'yan Arewa na farko da suka yi fice a boko sai ya ambace shi fiye da sau ɗaya. Likitan farko ɗan Arewa, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello na farko ɗan ƙasa, shugaban da ya riƙe Najeriya a shekarun yaƙin basasa, da ɗaya daga cikin marubutan Jiki Magayi, duk sun sha ruwan Wusasa. Sun taso ne cikin gidajen Kiristoci masu magana da Hausa, inda iyaye ke auna bangaskiyar yaro da abin da hannunsa ya aikata daga Litinin zuwa Asabar kafin a zo maganar sujadar Lahadi.

Tushen labarin yana cikin shekarar 1900. A shekarar ne Turawa biyar na ƙungiyar mishan ta CMS, ta ikilisiyar Angalika, suka taso daga Legas suka nufi Kano a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. A cikinsu akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller. Wasunsu sun fara koyon Hausa tun a birnin Tarabulus, wajen fatake da maniyyata da ke yada zango a can. Lokacin Turawan mulki ba su ci Kano ba tukuna, sai a 1903. Sarkin Kano Aliyu Babba bai karɓe su ba, ya ce su kama gabansu. Suka juyo ƙasar Zazzau suka zauna a Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Tafiyar ta watse, amma Miller ya dawo.

A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, aka ba shi wuri cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke. Abin da ya kafa a wurin ɗan kaɗan ne: ɗakin ba da magani, da makaranta ta yara ƙalilan waɗanda yawancinsu ke kwana a gidansa. Mutumin yana da Hausa a baki ƙwarai, yana kuma da kaifin harshe. Ya soki zaluncin wasu sarakuna a fili, ya kuma soki Turawan mulki da ke kare su, saboda haka ya zame wa ɓangarorin biyu ƙaya. Masu karɓar baftisma kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Wanda ya bi wannan hanya a cikin birni yakan rasa gado, ya rasa matar aure, wani lokaci ma ya rasa wanda zai ci tuwo da shi a akushi ɗaya. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin mutanen da suka yarda suka biya irin wannan farashi ba su ɗauki addininsu abin wasa ba, kuma haka suka koya wa 'ya'yansu.

Sai ga Isawa. Tun wajen shekarun 1860 aka yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na ayoyin da ke maganar Annabi Isa ya kai shi ga ba shi matsayin da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka bazu cikin ƙauyuka, wasu suka nufi wajen Ningi, suna riƙe da koyarwarsa a tsakaninsu, suna kuma jiran ranar da wani zai zo musu da cikakken labarin Isa, kamar yadda suka ce malaminsu ya faɗa. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iso wurin Miller a Zariya, suka saurari Linjila da Hausa. Ba duka Isawa suka zama Kiristoci ba, amma iyalai da dama sun zama, suka kuma nemi wurin da za su zauna tare.

Wurin da aka samu shi ne Gimi, kuma a nan ne tarihin ya fi daɗin ji, ya kuma fi ban tausayi. Wanda aka ɗora wa kula da su baƙar fata ne daga tsibiran Karibiyan, Rabaran W. A. Thompson. Mutanen manoma ne kuma malamai, sun saba da allo da tawada, saboda haka karatun boko bai ba su wuya ba. Suka gina gidaje da makaranta da majami'a, suka share gonaki. Thompson ya fito daga ƙasar da rake ne arzikinta, ya kuma tarar da fadamun Zazzau suna ba da rake da kyau, amma sai dai a sha a tofar da ɓawo. Masu tarihi sun danganta farkon sana'ar matse rake da inji, a dafa ruwan har ya daskare ya zama mazarƙwaila, da wannan aiki na mishan. Sana'ar ta fi ƙarfin ƙauye ɗaya. Ta bazu cikin ƙasar Makarfi da kewaye, ta shiga hannun dubban manoma Musulmi waɗanda ba su taɓa leƙa majami'a ba, doki yana zagaya inji, hayaƙi na tashi daga tukwane duk rani. A ganin mai wannan rubutu, babu wa'azin da mutanen Gimi suka yi da ya yi nisan wannan.

Abin da ba a sani ba shi ne rafukan wurin cike suke da ƙudan tsando. Ciwon barci ya shiga garin. Mutum ya fara da zazzaɓi da kumburin wuya, ya rame, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, har ya kwanta bai tashi ba. A lokacin babu magani mai inganci a kusa. Cikin 'yan shekaru ciwon ya cinye yawancin mutanen, aka bar Gimi, aka kwaso waɗanda suka tsira, akasari yara da marayu, aka kawo su Zariya. Waɗannan yara su ne suka zama ginshiƙin jama'ar da ta kafa Wusasa. Sun ga iyayensu sun yi jinyar juna har ƙarshe, sun ga an binne mutum bayan mutum ana addu'a da Hausa. Ba abin mamaki ba ne da yawa daga cikin zuriyarsu suka zaɓi aikin asibiti.

Zuwa ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau, zaman mishan cikin ganuwa ya zama abin taƙaddama tsakanin fada da Turawan mulki da CMS, wurin kuma ya yi wa makaranta da asibiti kaɗan. Aka yi shawarar fita. A 1929 aka koma Wusasa a ƙarƙashin Rabaran Guy Bullen. Miller, wanda ya fi son a zauna cikin jama'a, bai tare a can ba. Ya koma Kano, daga baya ya zauna a Bukuru kusa da Jos, inda ya rasu a 1952.

Ginin farko da ya kamata baƙo ya nema a Wusasa shi ne tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina a shekarar ƙaurar. Magina Hausawa ne suka yi ta da tubali da azara, da bango mai kauri da bakuna a ciki irin na soron sarakuna, salon ginin da Zariya ta shahara da shi tun zamanin Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birni. Ana iya kawo kwano da katako a yi gini irin na Ingila, kamar yadda aka yi a Legas da Lakwaja. Ba a yi haka ba. Wanda ya shiga ya san ɗakin Hausawa ya shiga, da sanyinsa da ƙanshin ƙasarsa. Irin wannan gini kuma ba a barinsa: kafin kowace damina sai an duba rufi, an yi yaɓe, an toshe tsaga, aikin da ke neman hannun jama'a shekara bayan shekara.

Bayan shekara uku, a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Miller ne ya ja ragamar fassarar, tare da ma'aikatan wasu mishan da kuma malamai Hausawa da suka zauna da shi suna tace jimla bayan jimla. Littafin ya yi tafiyar da masu shi ba su yi ba. Ikilisiyoyin Filato da kudancin Zariya da Tangale da Adamawa, masu harsuna barkatai, suka ɗauki Hausa a matsayin harshen sujada, haka ma ƙananan ikilisiyoyin Damagaram da Tsibiri a Nijar. A cikin gida kuma ya kafa al'adar da har yau take raye: da asuba, kafin a hura wuta, maigida ko uwargida ta tara yara, a yi waƙa, wani yaro ya karanta sura, a yi addu'a saboda marar lafiya da matafiyi da gona. Yaro da yawa a nan ya fara haɗa baƙi, yana bin yatsan uwarsa a kan shafi.

Uwar ta iya karatu, kuma wannan babban abu ne a Arewar wancan zamani. Makarantar mishan ta ɗauki 'yan mata, daga cikinsu aka samu malamai da ungozomomi da ma'aikatan jinya. Asibitin St. Luke na Wusasa ya zama wurin da mutanen birni da na ƙauyuka ke kawo mai naƙuda da mai gyambo, ba a tambayar kowa addininsa a bakin ƙofa. Matan ikilisiya kuma, ta hanyar zumuntarsu, suka riƙe ɓangaren da ba ya shiga littafin tarihi: kai wa mai jego kunu da itace, zaman makoki, tara kuɗin makarantar maraya, sulhunta miji da mata. Sauran rayuwa kuwa irin ta kowane gidan Bahaushe ce, babbar riga da hula, tuwo da miyar kuka, durƙusawa a gaida manya, sunaye irin su Audu da Ladi da Tafida a gefen Bulus da Ishaya.

Daga irin waɗannan gidaje ne Dokta R. A. B. Dikko ya fito, ya karanta likitanci a Birmingham, ya dawo ya zama likitan farko ɗan Arewa. A 1949 aka zaɓe shi shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa, ƙungiyar da daga baya ta rikiɗe ta zama NPC. Kirista ne aka ɗora a kan ƙungiyar da mafi yawan 'ya'yanta Musulmi ne, kuma yau babban asibitin koyarwa na jihar Kaduna sunansa yake ɗauke da shi. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya fito daga zuriyar Isawa, likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Da ya bar gwamnati sai ya koma Samaru ya buɗe asibiti, yana duba marasa lafiya yana kuma hidimar ikilisiya har ƙarshen rayuwarsa a 2005. Malam John Tafida ya haɗa hannu da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi a tsakiyar shekarun 1930, littafin da ɗaliban Hausa ke karantawa har gobe. Yakubu Gowon kuwa ɗan mai bishara ne, Yohanna Gowon, mutumin Angas daga ƙasar Pankshin wanda ya kawo iyalinsa Wusasa. A makarantar St. Bartholomew ya fara karatu kafin ya wuce kwalejin Barewa. Da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970 ya zaɓi sulhu maimakon ramuwa, kuma mutane da yawa suna ganin tarbiyyar gidan mai bishara cikin wannan zaɓi.

Kada a ɗauka zaman ya kasance lami lafiya ko yaushe. Bahaushe Kirista ya daɗe yana tsaye tsakanin ɓangare biyu: ɗan'uwansa na jini yana ganin ya bar gida, ɗan'uwansa na ikilisiya daga kudu yana jin Hausarsa da ganin rigarsa sai ya yi masa kallon baƙo. A Maris 1987, rikicin da ya faro daga Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u da dama, Wusasa ma ba ta tsira ba. Abin ya yi wa mutanen garin zafi ƙwarai, domin kakanninsu sun yi shekara da shekaru suna karɓar haihuwar maƙwabta da ɗaure musu rauni. Duk da haka ba su tashi ba. Garin ya ci gaba da zama na Kirista da Musulmi, ana haɗuwa a kasuwa da wajen biki da gaisuwar mutuwa.

Gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, kwalejin St. Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Asibitin ya sha hawa da sauka kamar sauran asibitocin mishan. A 1997 aka mai da Wusasa dayosis mai zaman kanta, Ali Buba Lamido ya zama bishop ɗinta na farko, kwalejin tauhidi ta St. Francis kuma tana horar da limaman coci da masu bishara. Yawancin jama'ar dayosis ɗin yanzu ba zuriyar Gimi ba ne. Manoma ne na ƙauyuka, da yawansu daga gidajen Maguzawa, kuma mai bisharar da aka tura musu yakan tarar aikinsa ya haɗa da koyar da karatun manya, neman a haƙa rijiya, da ɗaukar mai naƙuda a babur zuwa asibiti.