Bindigar tirayar: abin da masu saye ke dubawa kafin su biya

A shekarar 1886 Faransa ta fito da Lebel, bindigar soja ta farko a duniya da ke aiki da albarushi marar hayaƙi. Harsashi takwas take ci, amma ɗaya bayan ɗaya ake ɗura su cikin bututun da ke ƙarƙashin bakinta, abin da ke yi wa mai doki wuya. Shi ya sa a 1890 aka ba sojojin doki gajeriyar bindiga ƙirar Berthier, wadda ake ɗura wa harsashi uku lokaci guda. A 1907 aka ƙera doguwarta musamman don sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira tirayar na Sanigal ko da yake daga ƙasashe da dama aka kwaso su. Da yaƙin 1914 ya yi zafi, Lebel ta kasa wadatar da runduna, sai aka ɗan sake ƙirar, aka fitar da samfurin 1907/15 da yawa, aka raba wa Faransawa su kansu.

Yau waɗannan bindigogi suna hannun masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka, kuma tarihin nan shi ke yanke farashi. Ta 1907 ta fi ta 1907/15 tsada domin kaɗan aka ƙera. Mai saye yakan fara da karanta jikin ƙarfen, inda ake samun sunan masana'antar gwamnati, Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, da shekarar da aka ƙera bakin. Sai ya gwada lambar da ke bakin da ta sauran sassa, har da katakon. In lambobin sun sha bamban, an haɗa ta ne da kayan wata, darajarta ta ragu. Daga nan ya haska cikin bakin, domin harsashin wancan zamani yana barin gishirin da ke jawo tsatsa in ba a wanke ba. Harafin N kuma shaida ce cewa an gyara ta don harsashin 1932. Wadda ba ta da shi, haɗari ne a sa mata wannan harsashi.

Wadda aka goge ta yi ƙyalli, ko aka datse katakonta don farauta kamar yadda Amurkawa da yawa suka yi bayan yaƙin duniya na biyu, ba ta kai wadda aka bari da tabonta daraja ba. Haka nan in dillali ya ce wani jarumi ne ya riƙe ta a Verdun a 1916, ba a ƙara masa ko dala sai ya kawo takarda.

Malamin tarihi yana da darasi a nan: a koya wa yara su tambayi wa ya ƙera abu, yaushe, kuma ina shaida. Hoton bindigar ya isa a yi wannan aiki a aji. Iyaye kuma su tuna cewa a Nijar riƙe bindiga ba tare da izinin hukuma ba laifi ne, komai tsufanta. Wanda ya tarar da irinta a rumbu ko ɗakin kaka, kada ya bar yara su taɓa, domin mai yiwuwa da harsashi a ciki. Ya sanar da jandarma ko ƴan sanda mafi kusa.