Kulɓa mai shuɗin harshe: Yadda ake ciyar da ƙaramarta da sabar da ita da hannu

Kulɓa mai shuɗin harshe na cikin dabbobi masu jan ciki da ake yawan kiwo a gidaje a Birtaniya da Amurka da sauran ƙasashen Turai. Ana son ta ne saboda sanyin halinta idan ta girma, amma ƙaramar da aka kawo gida yau takan yi huci, ta ɓuya, ta ƙi abinci, kuma abin da mai ita ya yi a makonnin farko yana tasiri kan lafiyarta har tsawon rayuwarta, wadda kan kai shekara 15 zuwa 20.

Wace irin halitta ce?

Danginta ɗaya da kulɓar da aka sani a ƙasar Hausa, mai santsin jiki da ake gani a gindin katanga ko cikin busasshen ganye. Sai dai wannan ƙatuwa ce, tsawonta kan kai santimita 45 zuwa 60, ga kaurin jiki da gajerun ƙafafu. Masana na kiran jinsin da suna Tiliqua, kuma asalinsa Ostireliya ne da tsibirin New Guinea da wasu tsibiran Indonesiya. Duk da cewa mutane da dama na ɗaukar kulɓa a matsayin mai dafi, wannan ba ta da shi.

Ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi. Uwa takan haifi 'ya'ya wajen 10, wani lokaci har fiye da 20, kowanne da tsawon santimita 13 zuwa 14, kuma cikin 'yan kwanaki suke watsewa, kowa ya nemi abincinsa. Ƙaramar kulɓa ba ta san reno ba, don haka duk wani babban abu da ya tunkaro ta, a wurinta maƙiyi ne.

Shuɗin harshen makamin tsoratarwa ne. Wani bincike da masana a Jami'ar Macquarie da ke Sydney suka wallafa a 2018 ya gano cewa can cikin harshen ya fi bakinsa ƙyalli, har da nau'in hasken da idon ɗan'adam ba ya gani amma tsuntsaye na gani, kuma kulɓar takan fito da shi gaba ɗaya ne a lokacin da maƙiyi ya kusa cim mata.

Daga ina ta fito?

Wannan ce tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi. Dokar kare muhalli ta Ostireliya ta 1999 ta haramta fitar da irin waɗannan dabbobi da rai domin kasuwanci, saboda haka nau'in Ostireliya da ake samu a Turai da Amurka haifaffen gida ne. Nau'in Indonesiya kuwa, da yawansa daga daji ake kamo shi, yakan zo da tsutsar ciki ko kaska, kuma ya fi wuyar sabo. Irin wannan yana buƙatar likitan dabbobi ya duba kashinsa tun farko.

Bukatarsu ta danshi ma ta bambanta. Nau'in Indonesiya ya fito ne daga wurare masu laima, yana son danshin iska na kashi 60 zuwa 80 cikin 100, yayin da na arewacin Ostireliya ke wadatuwa da kashi 40 zuwa 60.

Zafi kafin abinci

Jikin kulɓa ba ya samar da zafin kansa, kuma sai ta ji ɗumi cikinta ke narkar da abinci. Sau da yawa ƙaramar da ta ƙi ci, sanyi ne ko tsoro ke damunta.

Ana sanya fitilar zafi a gefe ɗaya na kejin, inda wurin shan ɗumi zai kai digiri 35 zuwa 40 a ma'aunin Selshiyos, ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 27, domin ta zaɓi inda take so. Ana haɗa fitilar da na'urar daidaita zafi. Kejin babbar kulɓa bai kamata ya gaza santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi ba, da maɓoya a kowane gefe, da shimfiɗar ƙasa mai zurfin da za ta iya nutsewa ciki. Ita kaɗai ake ajiyewa, domin idan aka haɗa biyu sukan ciji juna.

Ana kuma buƙatar fitila mai hasken UVB, wanda ke taimaka wa fata ta samar da bitamin D3, shi kuma ya ba jiki damar amfani da kalsiyam. Rashinsu na haddasa ciwon laushin ƙashi: muƙamuƙi ya yi taushi, baya ya lanƙwashe, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki. Ƙashin da ya riga ya karkace ba ya komawa daidai, kuma gilashin taga yana tare wannan hasken, don haka ajiye keji kusa da taga ba ya wadatarwa.

Me take ci?

Tana cin nama da ganye, amma mai tasowa ta fi buƙatar furotin, kimanin kashi 70 cikin 100 na abincinta. Ana ba ta gyare da tana da dodon-koɗi da kyankyason da ake kiwo musamman don ciyar da dabbobi, da dafaffen ƙwai, da dafaffen naman kaza marar kitse, ba gishiri ba yaji. Masu kiwo da dama na amfani da abincin kyanwa na gwangwani mai inganci ga ƙanana, su koma na kare idan ta girma.

Sauran kason shi ne kabewa da koren wake da karas da ganyaye, a yanka su ƙanana a cakuɗa da naman yadda ba za ta iya tsince abin da take so kaɗai ba. Gwanda da mangwaro na marmari ne, kada su wuce kashi 10. Ba a ba ta albasa ko fiya ko lemu. Ƙwari da dodon-koɗin lambu na iya ɗauke da maganin feshi ko tsutsa.

'Yar ƙasa da wata uku tana ci kullum ko bayan kwana ɗaya, daga nan zuwa wata takwas sau uku a mako, babba kuwa sau ɗaya ko biyu. Yawan abincin ya kai kimanin girman kanta, a barbaɗa masa garin kalsiyam, ruwa mai tsafta kuma ya kasance a faffaɗan kwano marar zurfi. Auna nauyinta duk mako ya fi duba da ido: mai lafiya nauyinta ƙaruwa yake yi.

Yadda ake sabar da ita

Mataki na farko shi ne a ƙyale ta. Mako ɗaya zuwa biyu ba a ɗaukarta, sai dai a sauya ruwa a ajiye abinci a tafi, har ta fara ci akai-akai.

Daga nan mai ita zai riƙa zama kusa da kejin, ya sanya hannu a shimfiɗe ba tare da ya taɓa ta ba. Kulɓa da harshe take sansana abu, saboda haka idan ta lashi hannun, sanin ƙamshinsa take yi. Miƙa mata abin da ta fi so da hantsaki yana sa ta danganta zuwan mutum da abinci.

Idan lokacin ɗauka ya yi, ba a kawo hannu ta sama, domin ta sama tsuntsayen da ke farautarta suke zuwa. Ta gefe ake zura hannu ƙarƙashin cikinta, a tallafi ƙafafu huɗun. Ba a kama ta ta wutsiya, saboda tana iya yar da ita, kuma wadda za ta tsiro ba ta kai ta farko. A zauna a ƙasa, a fara da minti biyar a rana, a mayar da ita lokacin da ta natsu. Ba a ɗaukarta bayan ta ci ko lokacin da take saɓa. Bayan saɓar, a duba yatsunta, domin tsohuwar fata da ta maƙale na iya tsayar da jini har yatsa ya guntule.

Huci da kumbura jiki da buɗe baki alamun tsoro ne. Cizonta ba dafi, amma da zafi, tunda muƙamuƙin da ke fasa ƙoƙon dodon-koɗi ne. Wata takan saba cikin makonni, wata sai an yi watanni.

Lafiyar mutanen gida

Dabbobi masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela ko da suna cikin ƙoshin lafiya. Hukumar daƙile cututtuka ta Amurka, CDC, na ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara biyar su riƙa taɓa su, haka ma tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. A wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, kada kuma a wanke kwanonta inda ake wanke na abinci.

A Ingila da Wales, dokar kula da walwalar dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin samar mata muhalli da abincin da suka dace. Idan ƙaramar kulɓa ta shafe mako biyu ba ta ci ba alhali zafin kejin daidai yake, ko tana ramewa, ko numfashinta na fita da ƙara, lokaci ya yi da za a kai ta wurin likitan da ya san dabbobi masu jan ciki.