Tsadar Ƙirƙira: Tarihin Wasannin Bidiyo Daga Mahangar Zuru

A 1972, injiniya guda ne, Allan Alcorn, ya haɗa wa kamfanin Atari na Amurka wasan Pong cikin 'yan watanni. Haka ma Tetris, Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙire shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. A wancan zamani jarin mai ƙirƙira bai wuce basira da kwamfuta ba.

Al'amarin ya fara sauyawa a 1994, da Sony ta fitar da PlayStation, wadda ta yaɗa hotuna masu kama da zahiri. Kowane sabon inji ya buƙaci ƙarin masu zane, marubuta da makaɗa. Final Fantasy VII na 1997 ya ci kimanin dala miliyan 40. A 2023, takardun da aka gabatar a wata kotun Amurka sun nuna cewa The Last of Us Part II ya laƙume dala miliyan 220 da aikin kusan shekara shida.

A ganina, babban abin da wannan tsada ta haifar shi ne tsoro. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba ya yarda ya gwada sabon abu, sai ya yi ta maimaita wanda ya taɓa karɓuwa. Daga 2020 farashin manyan wasanni ya tashi daga dala 60 zuwa 70. A farkon 2024 Microsoft ta sallami ma'aikata 1,900 daga sashenta na wasanni, Sony kuma 900. A Satumbar shekarar ce Sony ta janye Concord daga kasuwa mako biyu kacal bayan fitowarsa.

Mu a Zuru, inda matasa ke cika gidajen gem domin buga ƙwallo a allo, zafin ya iso mu ta hanya biyu. A 2021 Konami ta mayar da PES zuwa eFootball, wanda ake saukewa kyauta amma yake cin data, ana kuma sayar da kayan cikinsa. A 2023 kuwa aka cire tallafin fetur, darajar naira ta faɗi, mai gidan gem ya shiga tsakanin tsadar inji da ta man janareto.

Sai dai hasarar da ta fi damuna ta labari ce. Kamfanin da ke neman masu saye miliyoyi kafin ya mayar da uwar kuɗi ba zai waiwayi bikin Uhola ba, balle kadojin Girmace ko golmo, wato noman da saurayin Lelna ke yi wa surukansa tsawon shekaru kafin a ba shi aure. Yaranmu sun haddace sunayen 'yan wasan Sifen da Ingila, amma ba su taɓa ganin gonar kakanninsu a allo ba.

Duk da haka, tarihin bai rufe ƙofa ba. A 2016 Eric Barone shi kaɗai ya kammala Stardew Valley, wasan noma da kiwo, aka sayi miliyoyinsa. A Legas, Maliyo Games na ƙera wasannin waya masu labarin Afirka tun 2012. In har gonar ƙage ta ja hankalin duniya, golmo da ke ɗauke da soyayya, juriya da gasa ya isa ya zama wasa. Manyan kamfanoni ba za su yi mana shi ba. Aikin na ɗaliban Zuru ne da suka iya C'Lela, suka kuma koyi rubuta manhaja.