Sauyin Yanayi da Ƙaura a Yankin Gaya

Gaya gari ne a jihar Dosso, can kudancin Jamhuriyar Nijar, a bakin Kogin Kwara. Gada ce ta haɗa shi da Malanville ta ƙasar Benin, kuma yana kusa da Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Yankin na cikin mafi samun ruwan sama a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara.

Wannan ni'ima ta sa manoma da makiyayan da fari na shekarun 1973 da 1984 ya koro daga arewa suka nufo nan. Ƙaruwar jama'a ta matse gonaki, burtali da dazuzzukan giginya na kwarin Dallol Mawri, har rikici kan ɓarke tsakanin manoma da Fulani makiyaya.

A yau damina ba ta da tabbas. Ambaliyar kogi, kamar ta 2012 da 2020, kan cinye gonakin shinkafa ta rushe gidajen laka. Bayan girbi matasan Dendawa, Zabarmawa da Hausawa kan tafi cin rani Kotonu ko Legas, su bar mata da tsofaffi da ɗawainiyar gida, suna aiko da kuɗin cefane.