Mataimakan Da Suka Gaji Kujerar Gwamna A Jihar Kaduna

Mu 'yan Ƙofar Jatau mazauna Legas, Abuja da Kano, idan zaɓe ya ƙarato, hirarmu takan tsaya ne kan ɗan takarar gwamna, mu manta da wanda zai rufa masa baya. Alhali tarihin jiharmu ya ja mana kunne har sau uku.

An ƙirƙiro jihar a 1967 da sunan Jihar Arewa Ta Tsakiya, Abba Kyari ne gwamnanta na farko, sannan ta koma Jihar Kaduna a 1976. Gwamnan farar hula na farko, Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, ya hau a 1979. Majalisar dokoki, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige shi a watan Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin.

A 2010 aka naɗa Namadi Sambo, haifaffen Zariya, Mataimakin Shugaban Ƙasa, sai Patrick Yakowa ya gaje shi, ya zama gwamnan farar hula na farko daga kudancin jihar. Ranar 15 ga Disamban 2012 Yakowa ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa. Washegari aka rantsar da ɗan birninmu, Mukhtar Ramalan Yero, wanda ya riƙe mulki har 2015.

Don haka, 'yan'uwa, duk lokacin da muka dawo gida kaɗa ƙuri'a, mu auna suna na biyu kamar yadda muke auna na farko. Allah Ya ba mu shugabanni nagari.